Kada Ka Sa Hannu

Idu, Abuja
24 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da duk na Malumfashi. Yaya ƙafar? Allah ya sa kin daina taurin kai kin je an duba ta. Mu nan lafiya lau. Rakiya tana gaishe ki, cikinta ya fito sosai.

Inna, ba alheri ne ya sa na ɗauki biro ba. Alhaji Ɗangoggo, mai kamfaninmu, ya rasu. Na san kin ji a rediyo, amma rediyo bai faɗi yadda abin ya kasance ba, ni kuwa da idona na gani. Daga Ikko yake dawowa, ya je kwaso kayan ofis, don ya ce tunda gwamnati za ta taso Abuja a wata mai kamawa, shi ma kujerarsa ta bar Ikko ke nan. Kusa da Abaji motarsa ta shige ƙarƙashin tirela. Tifata ce ta fara isa wurin. Da gatari muka sare ƙofar motar, Inna. Ban gane fuskarsa ba, hularsa na gane. Mutumin da ya fara da karen mota, wanda rabin bulon garin nan daga yadinsa ya fito, a tabarmar wani mai sayar da doya muka naɗe shi.

Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganin mai kuɗin da ya san sunan kowane lebura nasa ba sai shi.

To ga abin da ya shafe ki. Kin tuna lokacin da Alhaji ya ce zai sayar da hannun jari ga ma'aikatansa kaɗai, kika sayar da injin niƙanki kika aiko mini na saya da sunana. Takardar tana nan cikin akwatin Rakiya. Sunana ke kai, amma ni da ke da Allah mun san taki ce. A yadinmu ba mai cewa hannun jari, hannu kawai ake cewa. To tun ranar da aka binne Alhaji hannu yake faɗuwa, masu karanta jarida sun ce ya zube kusan rabi. Wasu na cewa Alhaji shi ne kamfanin, ba shi ba kwangila. Wasu kuma na cewa gwamnati na tafe da ma'aikata jingim, kowa yana neman gida, bulo ba zai kwana a ƙasa ba. Ni direba ne, ban san maganar wa zan ɗauka ba. Na dai ga ya kamata ki sani.

Ɗanki,
Lukmanu

Malumfashi
10 ga Disamba, 1991

Lukmanu,

Amin wa alaikumus salam. Na sami takardarka. Ƙafa tana nan tana yi mini rashin kunya, kuma ba zan je su ba ni farar ƙwaya su ce in dawo jibi ba. Ka gaida Rakiya, ka ce ta daina ɗaukar ruwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na yi kuka, ni da ban taɓa ganinsa ba sai a kalanda. Allah ya sa ya huta. Kai ma sannu da ganin abin da ka gani.

Amma kai, Lukmanu, wane irin yaro ne? Ka rubuto mini gatari da tabarma dalla-dalla, da aka zo maganar jarina sai ka ce ba ka san maganar wa za ka ɗauka ba! Wa ya zauna a zaurena ya sha furata ya ce, Inna, injin nan gyara yana cinye ki, kamfanin Alhaji kuwa ba ya faɗuwa? Yanzu wadda ta sayi injin a bayan katangata take niƙa, ƙararsa ce ke tashina kullum. Ba laifinka nake gani ba, ni na ji na yarda. Kakarka da uwata a ɗaki ɗaya suka tashi, da uwarka ta rasu ni na yi mata wanka, ba ni da wanda zan ba amana ya wuce kai. Ina faɗa maka ne kawai don ka san abin da ke cikin akwatin nan shi ne tsufana gaba ɗaya.

Wa zai hau kujerar? Ka buɗe kunne ka rubuto mini. Kuma ka riƙa rubutu manya-manya, karatuna na yaƙi da jahilci ne.

Innarka,
Yelwa

Idu, Abuja
19 ga Janairu, 1992

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar ƙafa. Mu jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba ya kwance.

Gwamnati ta taso kamar yadda aka faɗa. Gari ya cika, motocin kaya daga Ikko har gobe shigowa suke, ɗakin haya ya zama zinariya. Da Alhaji yana raye da yanzu ba ma barci don aiki. Amma injin bulonmu a kashe yake.

Kin tambayi kujera. Mutum biyu ke nemanta. Akwai Fu'ad, babban ɗan marigayi, wanda ya yi karatu a Ingila. Akwai Alhaji Hadi, ƙanin marigayi, mai riƙe da wurin fasa dutse. Za a yi babban taro bayan ƙaramar Sallah, wanda ya fi yawan hannu shi zai hau. Abin da kowannensu ya mallaka kusan kai ɗaya ne, saboda haka hannun ma'aikata ne zai raba gardama. Nan masifa ta faɗo kanmu.

Alhaji Hadi ya kwaso wasu ƙarti daga tasha, masu gora da adda, suka tare get. Ranar da Fu'ad ya zo suka farfasa masa gilashin mota, suka sare wa direbansa kunne, ina tsaye ina kallo jini na bin wuyansa. Washegari mutanen Fu'ad suka tare tifa biyu ta wurin fasa dutse a hanyar Apo suka cinna musu wuta. Baba Thaddeus, tsohon mai gadinmu, ya fito yana ba da haƙuri, wani ya kwaɗa masa ƙarfe a ka. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Har yau ba a kama kowa ba.

Yanzu ƙartin Hadi suna yawo da wata takarda. Su tare ka, su shimfiɗa ta a kan bonet, biro a dama, adda a hagu, wai ka sayar wa oga hannunka. Abin da suke biya kuwa bai kai kuɗin tsohuwar taya ba. Da yawa sun sa hannu. Abokina Simon, wanda muke karɓa-karɓar tifa ɗaya da shi, ya ƙi, suka zubar masa da haƙora biyu, sannan ya sa. Ni ma sun tare ni. Na ce ba nawa ba ne, na innata ne. Suka yi dariya, babbansu ya ce, "Sunan wa ke kai?" Ya ce in je in yi tunani.

Ga su Fu'ad kuma suna ta jan rigata, wai mu direbobi mu ɗauki ƙarfe mu shiga cikinsu mu ƙwato get. Wallahi zuciyata tana tafasa idan na tuna Baba Thaddeus, har na ji kamar in bi su.

Inna, ki faɗa mini yadda zan yi. Abin da kika ce shi zan yi.

Ɗanki,
Lukmanu

Malumfashi
2 ga Fabrairu, 1992

Lukmanu,

Ina gaisuwa a tsaye. Mai motar albasa da zai sauke kaya a kasuwar Wuse yana ƙofar gida yana mini hon, shi zai kawo maka wannan.

Tun da na karanta takardarka ban iya cin abinci ba. Wannan wace irin jaraba ce! Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ɗa da ƙanin uba suna zubar da jinin bayin Allah. Allah ya isar wa tsohon nan.

Ka saurare ni da kyau. Ko me za su yi, ko me za su ce maka, kada ka sa hannu. Na sake faɗa, kada ka sa hannu. Na san zuciyarka, irin ta uwarka ce. In ka saɓa mini a wannan ban yafe ba.

Ka gaida Rakiya.

Innarka,
Yelwa

Idu, Abuja
16 ga Fabrairu, 1992

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Rakiya ta shiga watanta.

Saƙonki ya iso, kuma na ji. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Da ma ina jin kunyar ranar da zan zo Malumfashi in ce miki na sayar da tsufanki a kan kuɗin taya.

Sun sake zuwa ranar Alhamis, ina wanke tifa. Suka shimfiɗa takarda. Na ce, "Innata ta ce kada in sa hannu, ni kuwa ba na saɓa mata." Babbansu ya shara mini mari har na ga wuta, wani ya sa gora ya fasa mini fitilar mota. Na tsaya ƙyam. Ya ce saura ni da wasu 'yan tsiraru a yadin nan kaf, kuma oga ba zai shiga taro da giɓi ba. Na ce ya gaida oga.

Ki kwantar da hankalinki. Ko yanka ni za su yi, ba zan sa hannu a takardar nan ba. In za ki rubuto, ki aiko ta akwatin gidan waya na kamfani, na daina zuwa Wuse.

Ɗanki,
Lukmanu

Malumfashi
27 ga Fabrairu, 1992

Lukmanu!

Wayyo Allah ni Yelwa! Wace takarda? Wa ya yi maka maganar takarda? Cewa na yi kada ka sa hannu a rigimarsu! Kai ka rubuto cewa su Fu'ad suna jan rigarka ka ɗauki ƙarfe, zuciyarka tana tafasa. Shi na hana ka, sakarai! Ina tsoron a fasa maka kai kamar tsohon nan, sai ka je ka miƙa musu kan da kanka?

Ka saurara, da manyan baƙi nake rubutawa. KA SA HANNU. Ka ba su. Ko kyauta suka ce, ka ba su. Injin ne, ƙarfe ne, na ci abinci kafin in same shi, zan ci bayan ya tafi. Ƙuli zan koma soyawa, ba a mutuwa da shi. Kai fa? Wa zai haifa mini wani Lukmanun? Matarka tana kan gwiwa, kai kana tsaye ƙyam gaban masu adda, har kana yi mini alfahari!

Da ka karanta wannan ka nemi babbansu ka ce ka shirya. Sannan ka aiko mini ko layi ɗaya ne.

Yelwa

Malumfashi
22 ga Maris, 1992

Lukmanu,

Barkanmu da shan ruwa. Azumi ya wuce rabi ban ji ɗuriyarka ba. Na tambayi mai motar albasa, ya ce bai gan ka ba. In fushi kake don na ce maka sakarai, to na janye, ni ce sakarar. In ka sayar ne kana jin nauyin faɗa mini, wallahi tukuici zan ba wanda ya kawo mini labarin.

Rakiya ta sauka? Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Don girman Allah ka rubuto.

Innarka,
Yelwa

Abuja
8 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ni nake faɗa, Simon yake rubutawa.

Da farko albishir. Rakiya ta sauka lafiya, mace aka samu. Sunanki muka sa mata.

Wasiƙunki biyu jiya suka zo hannuna tare. Ashe gidan waya har yanzu tsohon adireshin Ikko suke tura buhun kamfani, can suka je suka yi zamansu, sai da wani akawu ya kwaso su. Simon ya karanta mini ta farko sau biyu, na ce ya sake.

Ranar uku ga azumi ne, da hantsi, ina ƙarƙashin tifa ina ɗaure birki. Sai na ji an ja ƙafafuna. Suka fito da ni tsakiyar yadi, mutane na kallo daga nesa, ba wanda ya matso. Babbansu ya sa mini biro a hannu. Na sake shi ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake sa mini, na sake sakinsa. Sai ya ce, "Hannun da ba zai sa ba, amfaninsa me?" Biyu suka danne ni, ɗaya ya take mini wuya, suka ɗora hannuna na dama a kan bulo. Da gudumar fasa dutse ya yi, Inna. Na farko na ji ƙarar ƙashina kamar an taka busasshen kara. Na biyu na kira sunan uwata. Bayan nan ban san iyakar abin da ya yi ba, Simon ya ce bulon da kansa sai da ya zama gari.

Simon ne ya goya ni zuwa titi. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa har mako guda, hannun ya fara wari, ya yanke shi daga wuyan hannu. An sallame ni, ina gida.

Takardar jarinki tana nan cikin akwati, ba abin da ya taɓa ta.

Ban san me zan ce a kan wasiƙarki ba. Kwana na yi ina juya kalmomin nan huɗu, kada ka sa hannu, a kaina. Yadda kika nufa daidai ne, yadda na ji ma daidai ne. Kada ki ce ke ce. Amma ba zan ɓoye miki ba, da Simon ya kai wurin da kika ce ko kyauta in ba su, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Ɗanki,
Lukmanu

Mama, ni Simon ne. Hausa na bai da kyau, ki yi haƙuri. Ba ya cin abinci, kullum yana kallon bango. Ki zo in kin iya.

Malumfashi
20 ga Afrilu, 1992

Ɗana Lukmanu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗi a tsakar gida, maƙwabta suka ɗauke ni. Ƙafar nan ta kumbura ta ƙi shiga ko da silifa, da yanzu ina gabanka. Yau da kaina na ce a kai ni asibiti, don in samu in taka in zo.

Ka ce kada in ce ni ce. To wa zan ce? Mai mota yana hon, na ji ƙyashin kalma biyu. Da na ƙara "a rigimarsu" da yanzu kana ɗaga takwarata da hannu biyu. Allah ya isa tsakaninmu da Hadi da ƙartinsa, Allah ya nuna musu tun a duniya. Ni kuma ka yafe mini.

Ba na son takardar nan. Ba na son in ji sunanta. Ko ta faɗi ko ta tashi, ka sayar, ka kama shago ko ka sayi injin niƙa ka sa wani ya riƙa tayar maka. Taka ce, halak malak, ka biya ta da abin da ya fi kuɗina. Wannan karon na karanta abin da na rubuta sau uku, ba ta da fuska biyu. Ka sayar.

Ka gode mini wa Simon, Allah ya saka masa. Ka ci abinci don Allah.

Innarka,
Yelwa

Idu, Abuja
17 ga Mayu, 1992

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da kika je asibiti, ashe sai an yanke mini hannu za ki ji magana. Ciwon yana warkewa. Takwararki tana da ƙarar murya irin taki.

An yi taro. Fu'ad ya hau kujera, da ƙyar, kuma an ce hannun mu 'yan tsirarun da muka ƙi sayarwa ne ya rinjayar masa. Alhaji Hadi ya koma wurin fasa dutsensa, har sun gaisa da ɗan wansa a gaban mutane. Ƙartin sun ɓace, ba a kama ko ɗaya ba. Fu'ad ya kira ni gaban taro ya ɗaga dungulmina sama, aka yi ta tafi. Ya ba ni aikin gadi, a kujerar Baba Thaddeus.

Sai ga kwangilar gidajen ma'aikata ta faɗo. Injin bulo ba ya hutawa yanzu. Masu cewa ba Alhaji ba kamfani sun yi shiru, hannu ya tashi har ya wuce inda yake lokacin yana raye. Waɗanda suka sayar suna cizon yatsa, wasu har ce mini suke na yi wayo.

Na bi umarninki, na je ofis a Wuse in sayar. Akawun ya fito da tsohuwar takardar da na cike ranar da na saya, ya ajiye sabuwa a gefenta, ya ce in sa hannu. Na sa da hagu. Ya duba, ya ce bai yi kama ba. Na ce to in dangwala. Ya ce wanda ya saya da sa hannu, da sa hannu zai sayar, haka doka take. Na zare hannun riga na nuna masa. Ya kau da kai, ya ce ya tausaya mini ƙwarai, amma sai na je kotu na yi rantsuwa cewa ni ne ni, na kawo takardar likita, sannan a aika Ikko, don rajistar ba ta taso ba tukuna. Ya ce abin zai iya kai baɗi. In kuwa na iya sa hannu irin na da, a ranar za a gama.

Saboda haka kullum ina bakin get da tsinke, ina koyo a ƙasa. Simon yana dubawa, ya ce harafin farko na sunana ya fara kama da na da.

Hannunki ya tashi, Inna, ki daina kuka. Na yafe, da ma ban riƙe ba. In ƙafa ta yarda ki zo ki ga yarinyar.

Daga nan Simon ya ba ni biro.

WANNAN NI NA RUBUTA DA KAINA. KIN CE IN RIƘA RUBUTU MANYA-MANYA. GA SHI.

LUKMANU